DAGA ƘYALLEN TELA ZUWA HOTON GARINMU



A wannan fitowa, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta kawo muku bayani a kan wata sana'ar hannu da ba ta buƙatar jari mai yawa, wato haɗa hoto da guntayen takarda ko da ƙyallaye. Duk wanda ya leƙa shagon tela a Kiyawa ko Shuwarin ko Dutse ana saura kwana kaɗan Sallah, zai ga tulin ƙyallaye a ƙarƙashin keke: atamfa, shadda, yadi, leshi, kowane launi da kowane zane. Kaɗan daga ciki ake cusa wa matashin kai ko a yi tsumman goge-goge da su. Sauran kuwa sai a share a kai bola, ko a cinna musu wuta. Haka tsofaffin kalandu da kwalaye da takardun talla suke ƙarewa.

Abin da muke son nunawa shi ne, da waɗannan abubuwa da ake zubarwa za mu iya ajiye kamannin garinmu kamar yadda yake a yau: gonakinsa, bishiyoyinsa, duwatsunsa da kasuwanninsa. Gari yana sauyawa a kan idonmu, kuma abin da ba a ajiye kamanninsa ba, in ya tafi ya tafi ke nan.

MENE NE WANNAN AIKI?

Aikin iri biyu ne, amma uwarsu ɗaya.

Na farko shi ne hoton liƙe-liƙe. Turawa suna ce masa kolaj, kalmar da ta fito daga Faransanci, ma'anarta kuwa liƙawa. Maimakon mutum ya ɗauki fenti da buroshi, sai ya yanka ko ya yaga takardu masu launi, ya jera su a kan kwali, ya liƙe su da gam har su ba da siffar abin da yake so. Ana iya haɗawa da ƙyalle, busasshen ganye, yashi, ɓawon gyaɗa ko sillen kara. Wannan allo da kuke karantawa ma ɗan'uwansa ne, domin takardu ne daban-daban aka yanka aka liƙa wuri ɗaya suka zama mujalla.

Na biyu shi ne bargon ƙyallaye. A nan allura da zare ne suke maye gurbin gam. Bargon yana da hawa uku: fuskar sama wadda aka haɗa da ƙyallaye, sai abin cusawa a tsakiya kamar auduga ko tsohon zane mai laushi, sai kuma yadin baya. Ana bin hawa ukun da ɗinki a ratsa su gaba ɗaya don su riƙe juna. Idan aka tsara ƙyallayen fuskar suka ba da hoton wuri, misali sama da dutse da gona da hanya, shi ne ake kira bargon shimfiɗar ƙasa. Babba ana lulluɓa da shi, ƙarami kuwa a rataye a bango.

BA BAƘON ABU BA NE A ƘASAR HAUSA

Wani zai ce ai wannan aikin Turawa ne. To, ya tuna da hawan Sallah. Daga cikin mahayan da suka fi ɗaukar ido akwai 'yan lifida, waɗanda su da dawakansu suke sanye da wasu kaya masu kauri. Lifidi yadi ne hawa biyu da aka cusa wa auduga a tsakiya, sau da yawa audugar rimi, aka bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. A zamanin yaƙe-yaƙe, kaurinsa ne yake rage ƙarfin kibiya kafin ta kai ga jikin doki ko mahayi. Kuma akan haɗa fuskarsa da yankakkun yadi masu launi daban-daban. Duk abin da muka faɗa game da bargo mai hawa uku yana jikin lifidi.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ke nan fiye da shekara 600 masu allura a wannan yanki sun san wannan dabara. Mu ma tarihin ya shafe mu, domin har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Kiyawa da Dutse suna cikin tsohuwar Jihar Kano ne.

Ba lifidi kaɗai ba. Rigar dogari haɗin ja da kore ce, an yanka an gama su da ɗinki. Baduku yakan yanka jar fata ko koriya ya ɗora a kan wata ya ɗinke, ya fito da ado a jikin tumtum, jaka ko gidan wuƙa. Iyayenmu mata kuwa sun daɗe suna haɗa guntayen atamfa su yi wa yara riga, ko zanen goyo, ko rigar matashi. Ko maho da ake yi wa tsohuwar riga, in mai hannu ne ya yi shi, yakan zama ado. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa shi ma ya san daɗin mayar da abin banza abin kallo. Abin da kawai bai yawaita a wurinmu ba shi ne amfani da wannan ƙwarewa wajen fito da hoton wani wuri da muka sani.

YADDA WASU SUKA YI A DUNIYA

A birnin Abomey na Jamhuriyar Benin, masu ɗinkin fadar sarakunan Dahomey sun shahara da yanka yadi mai launi su ɗinka a kan wani yadin, su yi tutoci da laimomi da labule. Kowane sarki yana da alamarsa, saboda haka wanda ya iya karanta alamomin zai gane tarihin masarautar daga jikin yadi. A birnin Alƙahira na Masar kuma akwai tsohon layin masu ɗinkin tanti kusa da ƙofar Zuwaila, inda har yau maza suke zaune da allura suna ɗora yadi a kan yadi, suna fito da zanen fure da na lissafi irin na jikin masallatai.

A Faransa, a shekarar 1912, wasu masu zane biyu, Pablo Picasso da Georges Braque, suka fara liƙa takardar ado ta bango da guntayen jarida a jikin zanensu. Daga nan masana fasaha na Turai suka fara ɗaukar liƙe-liƙe da muhimmanci. Wani mai zanen, Henri Matisse, da rashin lafiya ta kwantar da shi bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, ya koma ga almakashi da takardu masu launi, ya yi ta aiki da su har kusan rasuwarsa a 1954. Ayyukan nan suna cikin waɗanda aka fi saninsa da su.

A Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, mazaunansa baƙaƙen fata ne jikokin bayi. Matan ƙauyen sun yi shekaru aru-aru suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan abinci, don kawai su kare iyalinsu daga sanyi. A 2002 aka baje bargunansu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a kan sarki.

Misalin da ya fi kusa da abin da muke nufi yana ƙasar Chile, a Kudancin Amurka. Bayan juyin mulkin soja na 1973, mutane da yawa sun ɓace, wasu suna tsare. Matan unguwannin talakawa na birnin Santiago sai suka riƙa ɗinka ƙananan hotuna da ƙyallaye a kan guntun buhu: gidajen unguwarsu, layin ɗiban ruwa, masana'antar da aka rufe, ga tsaunukan Andes a baya. Ana fitar da hotunan waje a sayar, matan suna samun na cefane, duniya kuma tana ganin halin da suke ciki a lokacin da jaridu ba su da bakin magana.

A nan gida Nijeriya, El Anatsui, ɗan asalin Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, yana tara murafun kwalabe a daddaɓe su a haɗa da wayar tagulla, su zama kamar ƙaton mayafi mai walƙiya. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin baje fasaha na Venice a Italiya. Dukkan waɗannan mutane da abin da ke kusa da hannunsu suka fara.

ME YA SA MUKA ZAƁI SHIMFIƊAR ƘASA?

Dalili na farko na addini ne. Mun san iyaye da malamai da yawa suna ƙyamar zana mutum ko dabba. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara musu yarda, ya nuna masa cewa da wannan sana'a yake ci, sai ya ba shi shawarar ya riƙa yin bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Hoton gona, dutse, rafi, rumbu ko masallaci yana cikin wannan fili. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin addini.

Dalili na biyu shi ne ajiye tarihi. A jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen da mutanen da suka bari. Shanun da aka zana a wurin ba su da tozo irin na shanunmu na yau, kuma da wannan zane ne masana suke gane irin dabbobin da aka kiwata a yankin a wancan zamani. Mu ma muna cikin lokacin sauyi. Dattawa suna ba da labarin yadda Dutse take kafin ta zama babban birnin jiha a 1991, kafin a kafa Jami'ar Tarayya a 2011, lokacin da wuraren da suke cike da gine-gine yanzu gonaki ne. An faɗaɗa babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa ƙasarmu. Ana sare bishiyoyi don itace da gawayi. Ambaliyar 2022 ta rusa gidaje ta cinye gonaki a sassa da dama na Jigawa. Kukar da ke bakin hanyar makaranta yau, ba lallai ƙannenmu su tarar da ita ba.

Wani zai ce ai waya tana ɗaukar hoto. Gaskiya ne, kuma muna amfani da ita. Sai dai waya takan ɓace, ta lalace, ko a goge hotuna don a samu wuri. Ban da haka, mai ɗaukar hoto da waya ba dole ne ya kalli abin da ya ɗauka ba.

Wannan ne dalili na uku: aikin yana koya wa mutum kallo. Ba za ka iya yanka siffar bishiya ba sai ka san ta. Nan za ka lura cewa giginya miƙaƙƙiya ce mai kumburi a tsakiyar jikinta, goruba kuwa takan rabu biyu ta sake rabuwa. Kuka tana tsayawa tsirara da rani. Gawo kuma akasin sauran bishiyoyi yake yi, yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, shi ya sa manomi yake barinsa a tsakiyar gona. Wanda ya sa wa gawo koren ganye a hoton damina, duk manomin da ya gani zai yi murmushi. Haka za ka lura cewa samaniyar hunturu fara ce fat saboda ƙura, ba shuɗiya ba kamar ta bayan ruwan sama.

KAYAN AIKI

Don hoton liƙe-liƙe ana buƙatar kwali mai ƙarfi, tsofaffin kalandu da takardu masu launi, almakashi, fensir, rula da gam. In babu kuɗin gam, ana dama sitacin rogo da ruwan zafi har ya yi kauri, ko a jiƙa ƙaro ya narke. Ƙaro dai ba baƙo ba ne a Jigawa, daga jikin ɗakwara ake samunsa. Sai dai a sani, gara da kyankyaso suna son sitaci, don haka a bar aikin ya bushe sarai kuma kada a jingine shi a ƙasa.

Don bargo ana buƙatar ƙyallaye, allura, zare, alli, fil, yadin baya, da abin cusawa. A je wurin tela a gaishe shi a roƙa cikin ladabi. Kada a ɗiba ba izini, domin wani ƙyallen na mai ɗinki ne yana jiran a mayar masa. A ware ƙyallayen launi-launi a cikin leda daban-daban. A wanke su kafin a fara, saboda wani yadin yana zuba, wani kuma yana tsukewa in ya sha ruwa. In ba a wanke ba, ranar wankin farko jan ƙyalle zai ɓata farin da ke kusa da shi, ɗinkin kuma ya tattare. Bayan sun bushe a goge su.

YADDA AKE HOTON LIƘE-LIƘE

1. Zaɓi wuri guda da ka sani. Misali duwatsun Dutse da itatuwan dabino a gindinsu, rumfunan kasuwar Shuwarin, gonar riɗi ko ta zoɓorodo, jerin rumbuna a bayan gida, ko hasumiyar masallacin Juma'a daga nesa. Je ka zauna ka kalle shi, ka zana manyan siffofinsa kawai. Kada ka damu da ƙananan abubuwa tukuna.

2. Fara da ƙaramin kwali, kamar santimita 30 a 40. Ja layin da sama ta haɗu da ƙasa. Kada ka sa shi daidai tsakiya. Ɗaga shi sama in gona kake son nunawa, sauke shi ƙasa in hadari ko faɗuwar rana kake son nunawa.

3. Raba hoton gida uku: nesa, tsakiya da kusa. Ƙa'idar ita ce, abin da ke nesa ƙarami ne kuma launinsa a koɗe yake, abin da ke kusa babba ne kuma launinsa ya fi ƙarfi. Hanya tana da faɗi a gabanka, tana tsukewa tana tafiya. Wannan ƙa'ida ita ce take sa hoto ya yi zurfi.

4. Jera komai a kan kwalin ba tare da gam ba. Ja da baya taku biyar ka duba. In wani abu bai zauna ba, yanzu ne lokacin sauya shi.

5. Fara liƙawa daga baya zuwa gaba: sama tukuna, sai duwatsu, sai gonaki, sai bishiyoyi da gidaje, kowane yana ɗan hawa kan na bayansa. Shafa gam kaɗan, domin in ya yi yawa takarda takan yi ƙudundune.

6. Yi amfani da yaga da yanka a inda kowanne ya dace. Takardar da aka yaga da hannu tana da baki mai laushi, ta dace da gajimare da ganye. Wadda aka yanka da almakashi ta dace da katanga da rufin kwano.

7. In an gama, ɗora takarda mai tsabta a kai, a danne da littattafai masu nauyi ya kwana, don kada kwalin ya lanƙwashe.

YADDA AKE BARGON ƘYALLAYE

Tsarin hoton ɗaya ne da na takarda, bambancin yana wajen haɗawa. Zana hoton a babbar takarda daidai girman da kake so, ka yanka kowane sashe ya zama ma'auni. Ɗora ma'aunin a kan ƙyalle ka zagaye shi da alli, sannan ka yanka kana barin rarar kamar santimita ɗaya a kowane gefe. Wannan rara ita za a kalmashe ciki don kada bakin ƙyallen ya zare.

Shimfiɗa yadi ɗaya a matsayin tushe. Ɗora ƙyallen sama, sai na duwatsu, sai na gonaki, kana riƙe su da fil. Bi bakin kowanne da ƙananan ɗinki, da zare mai launi kusa da na ƙyallen. A nan ne zaɓen yadi yake nuna gwaninta. Shadda mai ruwan toka tana ba da dutse, saboda ƙyallinta yana kama da dutsen da rana ta haska. Atamfa mai ratsi-ratsi tana ba da kunyoyin gona. Yadi mai ƙananan ɗigo ja a kan kore yana ba da gonar zoɓorodo. Guntun buhun algarara yana ba da rufin ciyawa ko dangar kara. Wani lokaci bayan atamfa ya fi fuskarta dacewa, musamman ga abin da ke nesa, tun da launinsa a koɗe yake.

In fuskar ta kammala, shimfiɗa yadin baya a kan tabarma, ɗora abin cusawa, ɗora fuskar a kai. Riƙe hawa ukun da manyan ɗinki na wucin gadi. Sannan fara ɗinkin ratsawa daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya fara daga gefe zai tarar yadin ya taru ya yi tudu a tsakiya. Kada tazarar layukan ɗinki ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba audugar za ta gudu in an wanke. Layukan nan ma suna iya zama ado: a sama su bi yanayin iska, a gona su bi kunya, a dutse su bi tsaguwarsa. A ƙarshe a yanka dogon ƙyalle a naɗe bakin bargon gaba ɗaya, a zare ɗinkin wucin gadi.

Aiki ne mai cin lokaci. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma rabin awa kullum bayan an gama aikin gida da bitar karatu ya isa. Muna kuma tunatar da 'yan'uwanmu maza cewa allura ba ta mata kaɗai ba ce. Teloli, masu aikin babbar riga da masu ɗinka kayan doki, akasarinsu maza ne.

A YI HATTARA

Kada a yanka takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko hadisi ko sunan Allah. A duba gaba da bayan kowace takarda, domin kalandu da jaridu da yawa suna ɗauke da su. Kada a yaga littafin karatu ko na laburare. Kada a taɓa zanen Inna ko rigar Baba sai su da kansu sun ce sun bar maka. Kada a liƙa hoton wani mutum a bango ba da saninsa ba. A guji reza, almakashi ya wadatar. Allura kuma a soke ta a jikin ƙyalle in an tashi, kada a bar ta a kan tabarma inda ƙananan yara suke wasa.

NUNAWA DA RABAWA

Aikin da aka ɓoye a ƙasan akwati bai cika aikinsa ba. Kafin ka nuna, rubuta abu uku a bayansa: sunanka, sunan wurin, da wata da shekara. Wannan ɗan rubutu shi ne yake mayar da ado ya zama shaidar tarihi. Bayan shekara 20, mai kallo zai san cewa ga yadda wurin yake a lokacin.

A rataye shi a inuwa, domin rana tana cinye launi. Da hunturu a rufe hoton takarda da farar leda mai nuna ciki saboda ƙura, da damina kuma a nisanta shi da bango mai danshi.

Aikin ya fi armashi in an yi shi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ce ɗalibai 12 kowa ya ɗinka murabba'i mai santimita 30 a 30, kowa da hoton garinsu ko unguwarsu: wannan Andaza, wannan Katanga, wannan Balago, wannan Shuwarin, wannan cikin garin Kiyawa. In aka jera uku a kwance, huɗu a tsaye, za a samu bargo mai kimanin santimita 90 a 120 wanda ya tara ƙaramar hukuma guda a fuska ɗaya. Kowa ya tuna ya bar rarar ɗinki a gefuna, in ba haka ba murabba'an ba za su haɗu daidai ba. Ga darasin lissafi ya shigo ba a gayyace shi ba.

Wata dabarar ita ce hoto biyu na wuri ɗaya. Je wurin Kaka ko wani dattijo a unguwa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda wurin yake lokacin ƙuruciyarsa: ina rijiya take, ina tsamiya take, ina burtali ya bi. Yi hoto ɗaya bisa bayaninsa, ɗaya bisa abin da kake gani yau, ka rataye su kusa da juna. Ka koma ka nuna masa, zai gyara maka abin da ka sa ba a wurinsa ba, kuma za ka ji labarin da ba ya cikin kowane littafi.

Ana iya ba da irin wannan aiki kyauta ga malamin da zai bar makaranta, ko 'yar'uwa da za ta tare a wani gari, ta tafi da hoton gida. Mai son sayarwa kuma ya lissafa kuɗin zare, gam da yadin baya, ya ƙara ladan kwanakin da ya yi yana aiki, kada ya karyar don kawai ƙyallen kyauta ya samu. In za a tallata a WhatsApp ko Facebook, a bi ta hannun iyaye ko yayye. In kuma ka ga aikin wani ya burge ka, koyi dabararsa amma ka yi hoton naka wurin, kada ka kwafi nasa ka ce naka ne.

KIRA GA 'YAN'UWA

Ƙungiyar 'Yan Jarida za ta ware gefe ɗaya na wannan allo don ayyukanku. Duk wanda ya haɗa hoto, ƙarami ko babba, na takarda ko na ƙyalle, ya miƙa wa wakilinmu na ajinsa tare da layi biyu ko uku na bayanin wurin da dalilin da ya sa ya zaɓe shi. Ba sai gwani ba, da koyo akan iya. Muna roƙon malamanmu na darasin al'adu da fasaha su taimaka mana da shawara, muna kuma roƙon iyayenmu teloli su riƙa tara mana ƙyallayen da ba su da buƙata maimakon a ƙone su.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu liƙa ayyukan farko da suka iso hannunmu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a hannuwanmu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Kiyawa.